Dawa, Wake Da Busassun Kayan Miya: Yadda Ake Ciyar Da Gida Da Kuɗi Kaɗan A Sudan

Tun daga watan Afrilu na shekarar 2023, lokacin da yaƙi ya ɓarke a Khartum, cefane ya zama abin da ke hana magidanta barci a Sudan. Darajar fam, kuɗin Sudan, ta faɗi, hanyoyin da kaya ke bi sun yanke ko sun ƙara nisa, sannan gidajen Hausawa da yawa a Gadarif da Kasala da Damazin sun buɗe ƙofa ga 'yan'uwan da suka baro garuruwansu, har tukunyar da aka saba ɗorawa domin mutum shida ta koma ciyar da ninkin haka. Duk da wannan matsi, uwargida Bahaushiya a ƙasar nan tana da wata dama, domin ta gaji girki iri biyu: ta iya tuwo da miyar kuka da ɗanwake da ƙosai daga wajen iyaye da kakanni, ta kuma iya girkin Sudan daga wajen maƙwabta: kisra, wato siririn gashin ƙullun dawa mai kama da sinasir, da asida, wato tuwonsu, da mulah, wato miya, da ful, wani wake mai manyan ƙwaya. Wadda ta riƙe hannun girkin nan biyu tana iya duba abin da ya yi araha a kasuwa a wannan makon, ta juya shi ta hanyar da ta fi dacewa da shi, ba tare da iyali sun gundura da cin abu ɗaya ba. Ma'aunin da zan riƙa bayarwa a ƙasa na gida ne mai mutum takwas, manya da yara.

Farkon abin da ya kamata maigida da uwargida su daidaita a kansa shi ne hatsi. Yawancin alkamar da ake yin burodi da ita daga waje ake shigo da ita ta tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, saboda haka farashin burodi yana bin farashin dala, ita kuwa dawa a gonakin Gadarif da Sinnar da Jazira ake noma ta. Gidan da ya ɗora cikinsa a kan burodi safe da yamma zai riƙa kashe kuɗi kowace rana, kuma yaro yakan ci burodi ya sake jin yunwa kafin azahar. Dawa tana sauka bayan girbi, daga wajen watan Disamba zuwa Fabrairu, ta kuma hau sama da damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Duk wanda Allah ya hore masa, to ya sayi buhu a lokacin saukarta. Wanda bai da ƙarfin buhu shi kaɗai, sai ya haɗa kuɗi da gida biyu ko uku su saya su raba, ko kuma mata su sa kwasar adashinsu ta faɗo daidai da kaka. A cikin ire-iren dawa, feterita takan fi tabat, wato farar dawa, araha. Gaskiya ne garinta bai kai na tabat fari ba, amma tuwonta yana riƙe ciki sosai, kuma idan aka gauraya kashi biyu na feterita da kashi ɗaya na farar dawa, ana samun kisra mai laushi wadda ba wanda zai raina.

Sayen buhu ba shi da amfani idan ƙwari za su raba shi da mai shi. A shanya dawar a rana har sai ƙwayar ta ba da ƙara idan aka ciza, a bar ta ta huce, sannan a ɗura a jarkoki busassu masu murfi, a cika su har baki, a toshe yadda iska ba za ta shiga ba, domin ƙwaron da bai samu iska ba mutuwa yake yi. Haka ake yi wa wake, wanda ya fi dawa saurin huda. Kada a sa ƙwayar maganin ƙwari mai fitar da hayaƙi a cikin ɗakin da mutane ke kwana, domin tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro. Niƙa kuwa a riƙa kai na mako ɗaya kawai, saboda gari ya fi tsaba saurin lalacewa a zafin ƙasar nan.

Daga garin dawa ɗaya ake fitar da abinci huɗu, kuma wannan ne ginshiƙin dukan tsarin. Da daddare a kwaɓa kofi shida na gari da ruwa har ya yi kaurin kunu mai nauyi, a zuba rabin kofi na tsohon ƙullu mai tsami wanda aka rage daga na jiya, a rufe. A lokacin zafi, awa takwas zuwa goma sun isa ya yi tsami. Da hunturu yana iya neman yini guda. Wannan tsamin ba don ɗanɗano kawai ake yin sa ba, yana sa dawar ta fi sauƙin narkewa a ciki, yana kuma sa abincin ya jure zafi fiye da wanda aka tuƙa da ɗanyen gari. Da safe sai a raba ƙullun. Kashin da za a yi kisra da shi a ƙara masa ruwa ya yi tsararo, a ɗora doka, wato faffaɗan kaskon yin kisra, a wuta, a shafe ta da ɗan tsumma mai mai, a zuba ludayi ɗaya a gefe, a ja shi da gargariba, wato ɗan guntun kaba da ake baza ƙullu da shi, da sauri ya baje siriri, kuma da zarar gefensa ya fara ɗagowa sai a ɓare. Man da kisrar gida guda ke ci bai wuce cokali biyu ba. Idan tana yagewa a hannu, a ƙara ɗan garin alkama kaɗan a ƙullun domin ya ba ta danƙo.

Kashin da ya rage shi ne na asida. A tafasa ruwa, a tsiyaya ƙullun a hankali ana juyawa da muciya kamar yadda ake yin talge, a bar shi ya yi ta ɓararraka har ƙamshin ɗanyen tsami ya gushe, sannan a ƙara sauran ƙullun mai kauri a tuƙa, a rage wuta ya turara, a kwashe a kwanon da aka shafa wa ruwa. Ranar da aka manta ba a kwaɓa ba, ba a yi asara ba: a koma ga tuwonmu na gado da busasshen gari, wanda ba ya jiran komai. Ludayi biyu na ƙullun, idan aka dama su da ruwan zafi da ɗan sukari, sun zama kunun yara na safe. Ƙanzon da ya kama a gindin tukunya kuma kada a jiƙa shi a zubar. A ɓamɓare shi a shanya, a tara a gwangwani, ranar da abubuwa suka tsuke a jiƙa shi ya yi laushi, a kwaɗa da garin ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir.

Miya ce wurin da kuɗi ke zurarewa ba a sani ba, musamman ga wanda ke sayen ɗanyen kayan miya kullum da ɗai-ɗai. Tumatir yana araha da hunturu, yana kuma tsada ƙwarai da bazara da damina, saboda haka lokacin arahar ne ake sayen kwando, a yanka shi fale-fale, a barbaɗa gishiri kaɗan, a shanya a kan tabarma mai tsabta nesa da ƙura har ya bushe ƙayau, sannan a daka. Haka ake yi wa kuɓewa a samu weka, haka ake yi wa albasa da barkono, da ganyen kuka da lalo da zogale da yakuwa, sai dai shi ganye a inuwa ake shanya shi domin kada ya ƙone ya rasa korensa. Matan Sudan sun saba yin wannan tanadi gab da azumi. Shawarata ita ce a mayar da shi aikin kowace kaka, ko azumi ya kusa ko bai kusa ba. Uwargidan da ke da gwangwanaye biyar, na weka da kuka da garin tumatir da busasshiyar albasa da daddawa, tana iya kaɗa miya ko da maigida ya fita bai bar ko sisi ba.

Ga yadda ake miyar tagaliya mai isar mutum takwas da naman da bai cika tafin hannu ba. A soya albasa uku a cokali huɗu na mai har ta yi ja sosai, domin daga jan albasar ne miyar ke samun launi da zaƙi. A zuba cokali uku na dakakken sharmut, wato busasshen nama, a juya, a sa cokali uku na garin tumatir, da tafarnuwa da gishiri da kusbara, wani kayan ƙamshin miya, a tsaida ruwa lita ɗaya da rabi, a bar shi ya dahu kamar minti ashirin. Daga nan a riƙa barbaɗa weka kaɗan-kaɗan ana burgawa da maburgi har miyar ta yi yauƙi, cokali biyu zuwa uku sun wadatar, kuma kada a rufe tukunyar bayan an kaɗa. Shi sharmut ɗin a gida ya fi kyau a yi shi: idan aka samu halin sayen kilo guda na jan nama marar kitse, a yanka shi siri-siri kamar igiya, a sa gishiri, a rataye a wurin da iska ke kaɗawa, a lulluɓe da yadi marar kauri saboda ƙuda, bayan kwana uku ko huɗu a ɗan soya a daka. Kilon da zai ƙare a zama ɗaya idan aka dafa shi ɗanye, ta wannan hanyar sai ya ratsa miya kusan goma.

Ranar da babu nama ko kaɗan, akwai abubuwa da dama da ke tsayawa a madadinsa. Kajaik, busasshen kifin da masunta ke kawowa daga kogin Nilu, daga wajen Sinnar da Rusairis, ɗan guntunsa ya isa ya ba miyar kuka ƙarfi. A wanke shi da ruwan zafi, a cire ƙaya, a marmasa. Daddawar 'ya'yan yakuwa, da kawal wanda mutanen yammacin Sudan ke yi da ganyen tafasa, su ma suna ba da ɗanɗanon da ke sa a manta ba a sa nama ba. Ƙashi daga wajen mahauci ya fi tsoka araha nesa ba kusa ba, kuma romonsa da albasa da ɗan weka shi ne um rigega, wadda ake zubawa a kan kisra. Sai kuma mulah rob, wanda a ganina ya fi kowace miya dacewa da gidan da ke da yara da yawa: a dafa albasa ɗaya da ɗan ruwa har ta narke, a dama cokali huɗu na niƙaƙƙiyar gyaɗa a cikin lita guda ta nono mai tsami tare da cokali ɗaya na gari domin kada nonon ya tsinke, a juye a tukunya ana juyawa ba ƙaƙƙautawa har ya tafasa, a sa tafarnuwa da gishiri, a kaɗa weka kaɗan. Nono da gyaɗa a kan dawa abinci ne mai gina jiki, ba na toshe yunwa kawai ba.

Wake da danginsa su ne naman talaka a ko'ina, kuma Sudan tana da su iri-iri. Akwai ful da ake nomawa da hunturu a arewacin ƙasar, akwai adasiya ta Jazira, akwai lubiya wadda ita ce wakenmu, da kabkabe, da jan adas. Ba sai an riƙe ɗaya ba. A tambayi farashin dukansu, a sayi wanda ya fi sauƙi a ranar. Sayen ful dafaffe a shago kowace safiya yana da sauƙi, amma wanda ya dafa nasa ya samu riba biyu, domin ya samu ƙwayar ya kuma samu ruwan. Ruwan ful shi ne tushen bosh: a gutsuttsura burodin da ya kwana ya bushe, a jiƙa shi da ruwan ful mai zafi, a sa ɗan ƙwayar, da albasa da tumatir da shamar, wani kayan ƙamshi, da cokali biyu na man riɗi. Takaya, wato wuraren dafa abincin taimako da unguwanni suka kafa tun farkon yaƙin, da ful da adas da balila, wato dafaffen wake da ba a niƙa ba, suke ciyar da ɗimbin jama'a, kuma dalili shi ne babu abin da ya kai su ƙosarwa a kan kuɗi kaɗan. Abu ɗaya ne ya wajaba a kula da shi: akwai mutanen da jininsu ba ya ɗaukar ful, saboda haka idan yaro ya ci, aka ga idonsa ya yi rawaya ko fitsarinsa ya yi duhu, a daina ba shi, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Jan adas daga waje ake kawo mafi yawansa, kuma yakan fi lubiya tsada a ma'auni, amma kada a yanke masa hukunci kafin a lissafa gawayi. Ba ya buƙatar jiƙo, yana narkewa cikin minti ashirin, kuma kofi biyu da albasa biyu da yankan kabewa ko dankalin Hausa suna cika tukunyar da za a ci da kisra ko a jiƙa burodi a ciki. Idan rijla, wani ganyen miya, ta fito a kasuwa, a yanka ta a zuba a kan adas ɗin, ta ƙara masa yawa da amfani. A matsa lemun tsami a kan kowane irin wake kafin a ci, a kuma jinkirta shayi zuwa awa guda bayan cin abinci, domin lemun yana taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, shayi kuwa yana rage hakan, kuma wannan ya fi shafar masu ciki da masu shayarwa.

Mutane da yawa suna lissafin abin da ke cikin tukunya, su manta da abin da ke ƙarƙashinta, alhali gawayi ko gas yana iya cin kaso mai tsoka na kuɗin cefane. A jiƙa ful da kabkabe da adasiya tun dare, a zubar da ruwan jiƙon, a sa sabo. Ɗan ƙanƙanin kanwa yana saurin nunar da wake, amma idan ta yi yawa tana ɓata ɗanɗano, tana kuma rage amfaninsa. Hanyar da na fi so a yaɗa a unguwanninmu ita ce ta naɗe tukunya: a bar waken ya tafasa da ƙarfi na minti goma sha biyar zuwa ashirin, a sauke da murfinsa ba tare da an buɗe ba, a naɗe tukunyar da tsohon bargo, a sa ta cikin kwando ko kwali, a rufe sama da wani bargon. Bayan awa uku zuwa huɗu zafin da ya rage a ciki ya ƙarasa dahuwar, sai a mayar da ita wuta ta sake tafasa kafin a ci. Wanda ya yi haka da asuba zai samu balila a shirye lokacin fatur, wato karin kumallo, wajen ƙarfe goma na safe. Ban da wannan, a riƙa jera girki a wuta ɗaya, a fara da abin da ke son wuta mai ƙarfi, a bi da miya, a ƙare da ruwan shayi a kan garwashin da ya rage. A kare kanun, wato murhun gawayi, daga iska. Gawayin da bai cinye ba a kashe shi da yashi a adana. Komai sanyin hunturu, kada a shigar da kanun mai wuta cikin ɗakin da aka rufe.

Mai shi ne abu na biyu da ke cinye kuɗi, kuma a nan ne sana'ar iyayenmu mata take da rana. Gyaɗa tana da yawa a Sudan, daga Kurdufan da Darfur da Jazira, kuma wadda ta sayi tsabarta ta sarrafa da kanta tana fitar da abu uku daga kuɗi ɗaya. A tsince gyaɗar da kyau, a zubar da duk wadda ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna, ko take da ɗaci, domin irin wannan tana ɗauke da guba mai lahani ga hanta, kuma suya ba ta kashe ta. A soya a yashi mai tsabta ko a busasshen kasko, a murje, a fece ɓawon, a kai inji. A ɗebi wani kashi a ajiye a kwalba, shi ne dakwar da za a riƙa sawa a mulah rob da kunun yara da salatin tumatir da albasa. Sauran a zuba a turmi ko babban kwano, a riƙa yayyafa ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan ana juyawa da ƙarfi, har tunkuzar ta haɗe ta fara sakin mai, sai a matse a tsiyaye. Tunkuzar a sa mata gishiri, a murza ta siri-siri, a soya a cikin man da ta fitar, ta zama ƙuli-ƙuli. Shi kuma ƙuli-ƙuli yara su ci a hannu, a daka shi da citta da barkono ya zama yajin ɗanwake ko na agashe, wato tsire, a kuma kwaɗa zogale ko rama da shi. Aiki ne na yini guda mai gajiyarwa, saboda haka ya fi kyau maƙwabta biyu ko uku su haɗu su yi shi tare.

Abin taɓawa na yara bai kamata a ɗauke shi a matsayin almubazzaranci ba, domin yaron da bai samu komai a gida tsakanin fatur da abincin la'asar ba, kuɗin biskit zai nema a shago. Ƙosai da ta'amiya 'yan'uwan juna ne: na farko da surfaffen wake ake yi, a niƙa da albasa da barkono, a buga shi sosai har ya tashi, a sa gishiri gab da suya; ta biyu kuma da kabkabe da aka jiƙa ba a dafa ba, a niƙa da albasa da tafarnuwa da shabat, wani ganyen ƙamshi. Dukansu suna shan mai, saboda haka a yi amfani da ƙaramin kasko mai zurfi, a bari man ya yi zafi sosai kafin a saka, domin mai mai sanyi ne ƙullu ke tsotsewa, a kuma tace shi bayan an gama. Idan man ya yi baƙi ko ya fara kumfa, ya gama aiki. Ranar da mai ya yi ƙaranci, ƙullun ƙosan nan a sa masa cokali uku na mai a turara shi a ƙananan gwangwanaye ya zama alale, ko a zuba shi a tanda kamar waina.

Ɗanwake ya fi su duka sauƙin kuɗi, kuma yana iya zama abincin rana gaba ɗaya. A haɗa kofi ɗaya na garin wake da kofi biyu na garin alkama, ko a raba biyun nan tsakanin alkama da dawa, a sa cokali biyu na kuka, a kwaɓa da ruwan kanwa da aka tace har ya yi danƙo, a riƙa jefawa ƙanana-ƙanana a tafasasshen ruwa. Idan suka taso sama a ba su kamar minti goma, a tsame a ruwan sanyi mai tsabta, a ci da soyayyen mai da albasa da yaji. Fura kuwa, wadda a kasuwannin nan aka fi sani da godo-godo, garin gero ce da citta da kanumfari da ɗan barkono, a cura, a dafa, a kirɓa, a dama da nono. Kofi ɗaya da rana tsaka yana riƙe ɗan makaranta har yamma. Riɗi yana sauka a Gadarif bayan an yanke shi wajen watan Oktoba, kuma kantu ba ya buƙatar komai sai riɗi da sukari: a wanke kofi biyu na riɗi a soya sama-sama, a narkar da kofi ɗaya na sukari a wuta marar ƙarfi har ya zama ruwan zuma, a juye riɗin a ciki, a baje a faranti mai ɗan mai, a yanka tun da zafi. Yana yin makonni a gwangwani bai lalace ba. Zalabiyar shayin safe tana da daɗi, sai dai alkama ce da mai da sukari, dukansu masu tsada, don haka a bar ta ta zama ta ranar Juma'a ko ta baƙi.

Yaron da ya wuce wata shida, wanda ya fara cin abinci tare da nonon uwa, shi ne ya fi saurin ramewa idan gida ya shiga matsi, kuma sau da yawa dalilin shi ne kunu mai ruwa-ruwa da ke cika masa ciki ba tare da ya ba shi ƙarfi ba. A dama kunun da kauri, a sa ƙaramin cokali na dakwa ko na mai, da ɗan nono idan akwai. Idan kaurin ya hana shi sha, kada a ƙara ruwa. A barbaɗa ɗan garin dawar da aka tsirar aka shanya, irin zirri'ar da ake yin hilu-mur, abin shan azumi na Sudan, da ita, a juya a cikin kunun yana da ɗumi, za a ga ya saki da kansa cikin 'yan mintuna, sai a sake tafasa shi a ba yaron. A zuba wa ƙananan yara nasu a kwano dabam, domin a babban tire manya sun fi su saurin hannu.

Abin sha ma a gida ya kamata a haɗa shi. Zoɓo da tsamiya da garin 'ya'yan kuka, wato karkade da aradeb da gongoles, duk amfanin ƙasar nan ne, kuma ƙanƙanin kuɗi ke sayen abin da zai cika jug. Sai dai tun da cutar kwalara ta ɓulla a Kasala da Gadarif da wasu jihohi a shekarar 2024, ruwan da za a jiƙa su da shi ya zama wajibi a tafasa shi ko a sa masa maganin tsarkake ruwa, haka ma ruwan da ake tsame ɗanwake a ciki da wanda ake wanke tumatir da ganyen da za a ci ɗanye. Kuɗin magani na kwana ɗaya yana iya haɗiye tanadin wata guda.

Ragowar abinci kuma tana buƙatar dabara, domin wutar lantarki ba ta tsayawa, ba a iya dogara da firji. Kisra da asida masu tsami suna kwana lafiya idan aka rufe su a wuri mai iska, kisrar da ta fara bushewa kuma a ƙarasa shanya ta, daga baya a jiƙa ta da romo ko da nono. Tuwon da ya kwana a ɗumama shi da safe har zafi ya ratsa cikinsa. Miyar da aka sa wa nono ko kifi a yi ta daidai cin zama ɗaya. Sauran miya da wake, idan za su kwana, a tafasa su da daddare a rufe, kada a sake sa cokali a ciki, da safe a kuma tafasa su sosai kafin a zuba wa kowa. Wanda aka ga ya yi kumfa ko ya canza wari, a zubar da shi ko da ana ganin asara ce. Dafaffiyar shinkafa ta fi komai saurin lalacewa a zafi, saboda haka a auna ta daidai bakin da ke gidan, kofi ɗaya na ɗanya ga mutum uku idan za a haɗa ta da wake ko adas.